Jan Zare a Gindin Suwaita

"Ina kwana, tsohon miji? Ashe har yanzu kana numfashi?"

"Ina nan daram, sai na ga ranar da za ki dama koko ba gudaji."

Haka 'yata Zaratu da kakanta, mahaifina Alhaji Seini, suke gaisawa kullum a gidanmu na unguwar Asawase a Kumasi. Amma a wannan safiya ta Disambar 1969, su kaɗai ke da bakin wasa. Gwamnati ta ce duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar Ghana. Ni na samu, saboda ina koyarwa a sakandare. Baba, da ya tsufa yana sayar da goro a Kumasi, bai samu ba. Washegari lorin Dosso, garinsa na asali, zai tashi, kuma ya riga ya gaya mana ba zai dawo ba.

Da hantsi ta fito da suwaitar da take saƙa masa da ulun da ta warware daga gwanjo.

"Ɗaga hannu in gwada."

"Ei! Wannan riga ce ko rowa? Ga cibiyata a waje!"

"Da babu gara ba daɗi. Sanyin Dosso ƙirjin tsoho yake nema, ba ruwansa da cibiya."

"To, wannan jan zaren na ƙasa fa? Makokin Asante za ni, inda ake sa jajayen kaya?"

"Na aro ne. A kansa na ɗora saƙar, na fara daga ciki zuwa wuya, don lokaci ya ƙure. Ranar da ka dawo zan zare shi, in kwashe madaukan a tsinke, in saƙa maka gindin har gwiwa."

"In ban dawo ba fa?"

Tsinken saƙar ya suɓuce mata. Ta daɗe a sunkuye tana nemansa, alhali yana kusa da ƙafarta.

"Sai ka yi ta yawo cibiya a waje, a ce ga wanda matarsa ta Kumasi ta yi wa horo."

"Zan ba wata tsohuwa a can ta ƙarasa."

"In ta ja zaren ba ta san kansa ba, rigar ta zube ɗaya bayan ɗaya kamar haƙoranka."

"Haƙoran nan sun ci goron da ya fi sadakinki. Da tsohuwar zuma ake magani, yarinya."

"Tsohuwar zuma a gida ake ajiye ta, ba a bayan lori ba."

Baba ya tuɓe suwaitar, ya bar mata fagen. Ban taɓa ganin haka ba.

Bayan azahar ya ɗaure kayansa, ya bar suwaitar a kan tabarma. Bayan la'asar ta cusa ta cikin buhunsa, ya fitar. Ta sake cusawa.

"Zan tafi da ita in riƙa rufe tulu," in ji shi. "Amma in sa rabin riga? Ko sanyi zai kashe ni."

"Za ka sa, za ka dawo. Mu zuba."

Da damina zazzaɓi ya kama Zaratu. Bai ɗauki mako ba, Allah ya yi mata rasuwa. Shekararta goma sha biyar.

Tufafinta muka yi sadaka da su. Littattafanta muka ba Habsa, ƙawarta. Tsinkayen saƙar da ragowar ulun na ba Amidu, direban da ke kai goro arewa, ya kai wa Baba tare da labarin rasuwar.

Amidu ya ce ya same shi a ƙofar gida, ana zafi, sanye da suwaitar a kan taguwa, jan zaren yana nan yadda ta bar shi. Baba ya juya tsinkayen a hannunsa, ya yi dariya har sai da ya share ido da hannun rigar.

"Ka gaya wa ubanta ta ci ni. A nema mini takardar, zan dawo. Amma jan zaren nan, kada kowa ya taɓa."