Nomau da Littafin Lantana

A ƙauyen Tudun Gwanda akwai wani bawan Allah, Nomau, da matarsa Kande da 'yarsu Lantana. Ba shi da mugunta ko ta ƙwayar gero, sai dai abin da aka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari.

Wata rana Lantana ta dawo daga makaranta da littafi mai hotuna, labarin ban dariya, an bar gurabe yaro ya cike da sunayen 'yan gidansu. Malama ta ce ran Alhamis kowa zai karanta nasa, kuma ban da ƙarya. Nomau ya dafe ƙirji. "'Yata ba za ta yi ƙarya gaban jama'a ba!" Shafin farko ya ce a manna hoton baba. Hotonsa ɗaya a duniya, na katin zaɓe, ya sa almakashi ya yanko. Kande ta ce, "Malam, da me za ka yi zaɓe?" Ya ce, "Sai in tafi da littafin."

Wata rana yarinya ta karanta masa, "Sai Baba Nomau ya zame ya faɗa kwandon tumatir."

"Ni? Yaushe?"

"Baba, labari ne fa."

"To, bai faru ba tukuna."

Gogan naka ya jawo kwandon tumatir da Kande za ta kai kasuwa, ya ja da baya, ya faɗa ciki tim! Kande ta yi salati har maƙwabta suka leƙo.

Wata rana, ana gobe Alhamis, aka kai shafin ƙarshe. Lantana ta rubuta, "Inna Delu ta zo muka ci tuwo tare." Delu yayar Kande ce, shekara biyu ba sa ga maciji saboda wata akuya, manya sun yi sulhu har sun gaji. Nomau kuwa ya hau keke, sai gidan Delu.

"Yaya Delu, an rubuta kin zo cin tuwo."

"Wa ya rubuta?"

"Lantana. Gobe za ta karanta. In ba ki zo ba, ta zama maƙaryaciya."

Delu ta ɗauki mayafi ta bi shi. Da ta yi sallama a gidan, muciya ta suɓuce wa Kande. Dama kewa ta ishe su, suka rungume juna suna kuka.

Nomau ya duba shafin, ya dube su. "A'a, littafi bai ce kuka ba. Tuwo ya ce. Ku wanke hannu."