Yadda Na Zama Inna Danna

Ba zan taɓa mantawa da bikin Rabi ba. Ko na so in manta ma ba za a bar ni ba, don har yau in na sauka a Shagari sai an sami wadda ta gaishe ni da sunan da na samo a can.

Ni mai lalle ce. Tun ina budurwa a Sifawa nake yi wa amare ƙunshi, kuma ba yabon kai ba, hannuna ba ya rawa. Boko kuwa sai da na haifi huɗu sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci a Boɗinga. Na iya karatu, na iya rubutu, har takardar shaida gare ni (tana cikin leda a ƙasan akwati, ba a taɓa tambayata ita ba, amma ina jira). Takardar nan ita ta fara sa mini jin cewa duk abin da idona ya gani, bakina zai iya fassara shi.

Ɗiyata ta fari, Asma'u, tana karatun kwamfuta a Sakkwato. Ta ce ana koya musu yadda ake rubuta wa na'ura umarni ta bi ba musu. (Na ce ta fara gwadawa a kan ƙannenta.) Ita ta bar mini tsohuwar wayarta ta shafawa, da gargaɗi guda: "Inna, don Allah duk abin da ba ki sani ba kar ki danna. Haka 'yan damfara ke kama mutane." Ni kuwa mace ce mai jin magana. Shekara guda ban taɓa komai ba sai kira, da amsa kira, da buɗe saƙonta.

Duk Juma'a takan turo mini abubuwan da ta tsinta a intanet, da ɗan bayani a ƙasa. Ga wani mutum a gaban allo ya ja layi sama ya ja ƙasa, wai yana bayanin abin da ke sa albasa tsada (babanta, wanda ya tsufa a gonar albasa, ya duba ya ce shi bai ga albasa ko ɗaya a wurin ba). Ga wasan waya da ake noma a ciki, a shuka a girbe kafin kunu ya huce, ba sunkuyo, ba ƙaiƙayi. Ga wani farin ƙyalle da aka ɗiga wa ja sau ɗaya, manyan mutane sun kewaye shi da hannu a haɓa. Ina kallo ina jinjina kai. Sai na lura da abu ɗaya: duk hotunan nan, a tsakiyarsu akwai alama iri guda. Da'ira ce, a cikinta wani abu mai kusurwa uku, tsininsa na kallon dama. Na ce to, wannan ita ce shaidar abu mai daraja, kamar tambarin da ake manna wa atamfa ta gaske. Ban tambayi kowa ba. Mai takarda ba ta yawan tambaya.

Rabi ɗiyar yayana ce, an sa ranar kai ta Shagari. Uwarta, Yaya Hajo, ta zo ta same ni ina tankaɗe, ta yi ta kewaye-kewaye kafin ta sauka.

"Kin san yaran yanzu. Wai akwai wata yarinya a birni mai zanen zamani. Ita sai ta yi hannu, ke ki yi jan ƙafa."

Jan ƙafa. Duk amaryar da ta fita daga gidanmu da zanena a hannunta ta fita. Na kuma san in hannu ya tafi birni sau ɗaya, ba zai dawo ba. Haka zan ƙare a durƙushe wajen dugadugai. Ban ɗaga murya ba, ba halina ba ne. Na ce ta ba ni zuwa Juma'a.

Juma'ar nan kuwa sai ga saƙon Asma'u: wani zanen fulawa baƙi wuluk a kan farar fata, ganye na bin ganye, ban taɓa ganin irinsa ba. A ƙasa ta rubuta, "Inna, dubi hannu. Ke na tuna." Ita gwanintar mai zanen take nufi. Ni na ɗauka bayan hannun wata amarya ne. A tsakiya kuma ga alamar nan tawa. Na kai wa Yaya Hajo, ta kalla daga nesa (ba ta gani sosai, ba ta kuma yarda a faɗa ba), ta ce in zan iya wannan, an bar mini.

Kwana uku ina gwaji a bayan ƙwarya. Fulawar ba ta ba ni wuya ba. Da'irar ce ta sha ni, don sai da na sami murfin kwalba na daidaita ta.

Ranar lalle na kori ƙawaye waje, ba na aiki cikin surutu. Na zana hannun dama, na zo tsakiya, sai Rabi ta leƙo ta ƙarƙashin mayafi.

"Gwaggo, na tsakiyar nan har da shi?"

"Shi ne ma zanen. Kar ki motsa."

Yarinya mai tarbiyya, ta bar mini hannun. Na buga mata shi hannu biyu, da dayis mai kyau wanda ba ya fita da wuri. Daga ranar ta dinga ɓoye hannu cikin mayafi, ni kuwa ina ta yaba kunyarta.

Ranar buɗar kai, bayan azahar, tsakar gidan ango a cike. Aka zaunar da amarya a tabarma, kai a rufe, baki a rufe, kamar yadda aka saba. Uwar ango, Hajiya Inno, tsohuwa mai kwarjini, ta jawo hannun ta duba.

"Wa yay yi wanga aiki?"

Na ce ni ce, a hankali, yadda kowa zai ji.

"Madalla. To wanga na tsaka, mi shika nufi?"

Jama'a, "ban sani ba" kalma uku ce. Har a aji an koya mana rubuta ta. Amma takardar ƙasan akwati ta motsa. Na gyara zama na ce da'irar nan gidan miji ne. Kusurwa ukun kuma duwatsun murhu ne: haƙuri, biyayya, tsafta. Tsinin yana kallon dama saboda alheri ta dama yake shigowa. Na ƙara da cewa har Turawa sun yarda da ita, duk abinsu mai daraja sai sun buga masa. Tsofaffi suka dinga gyaɗa kai. Wata ta ce, "Kun ga amfanin karatu."

Sai ƙanwar ango, Zulai, 'yar sakandare mai idon tsokana, ta matso ta durƙusa. Ta kama hannun amarya, ta ƙura masa ido, ba ko murmushi. Ta sa yatsa ta danna tsakiyar da'irar. Ta jira.

"Ba ta kunnu ba. Ko babu sabis a gidan nan?"

Wata daga baya ta ce, "Danna na hagu, ƙila shi ne mai sauti."

Ta danna. Na ga mayafin Rabi yana rawa, na ɗauka kuka ne, har na miƙa hannu zan lallashe ta. Sai dariyar da ta kwana biyu tana haɗiyewa ta ƙwace, a gaban surukarta, a gaban kowa.

Zulai ta ce, "Alhamdulillahi, ta kunnu."

Daidai nan Asma'u ta shigo, daga jarrabawa ta taho. Ta kalli hannun, ta kalle ni, ta durƙuso kusa da kunnena.

"Inna, me kika yi?"

"Abin da kika turo."

"Bidiyo ne fa. Nan wurin ake dannawa ya fara tafiya."

"Ke kika ce kar in danna."

Kunnen Hajiya Inno ya fi idon Yaya Hajo aiki. Ta ce, "Ɗiyata, danna muna mu gani." Ba a musu da babba. Asma'u ta karɓi wayata kamar mai karɓar garwashi, ta danna.

Abu na farko, alamar ta ɓace. Da'irata ta kwana uku, da murhuna, da haƙuri da biyayya, duk suka tafi. Sai wata ƙara kamar ta askin lantarki. Sai hoton ya fara ja da baya. Ashe ba hannu ba ne. Sanƙon wani ƙaton Bature ne mai gemu har ƙirji, ana caccaka masa zanen da allura, irin wanda ba ya fita har kabari. Da aka gama ya juyo ya ɗaga mana babban yatsa.

Hajiya Inno ta dubi wayar, ta dubi hannun amaryarta, ta sake duban wayar.

"To shi wanga, wane gari za a kai shi?"

Ban san lokacin da na sami takalmana ba, ɗaya ma ba nawa ba ne. A mota Yaya Hajo ko kallona ba ta yi ba har Boɗinga, kuma da ta zage ni da ya fi sauƙi. Dayis ɗin ya yi sati uku bai gushe ba. An ce duk wanda ya shiga ganin amarya sai ya danna kafin ya gaisa, har angon in ta yi fushi. Ni kuwa na wanke ƙwaryata na kife, na sa a raina sai dugadugai.

Bana sai ga saƙo daga Shagari: Zulai za ta yi aure, ta ce ba wanda zai taɓa hannunta sai Inna Danna. Na je da kunyata. Ta miƙo hannu ta ce, "Ni ba na kunnawa nake so ba. Mai sanda biyu za ki yi mini, na tsayarwa. Dangin mijin nan akwai surutu."

Na yi mata, amma sai da na sa ta nuna mini shi a waya, na danna da yatsana, na ga abin da yake yi.

Yanzu na zauna na kalli duk abin da Asma'u ta turo a waccan shekarar. Mai layin albasa ya yi magana mai tsawo, babanta ya ce har yanzu bai ga albasar ba. Ni dai abin da na koya shi ne, in an tambaye ni ma'anar abu, in fara dubawa ko yana motsi kafin in ja masa tafsiri.