Tikitin Sadik da Goshin Mai Jita

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ƙwace wa jikana Sadik tikitinsa ba. Da ana tsinto ruwan da ya zube, da na mayar masa da abinsa na zauna a gida na ci tuwona. Amma tunda bidiyon ya riga ya zaga wayoyin mutane, gara ku ji daga bakina.

Aikin ido ne ya kai ni Kuala Lumpur. 'Yata ta fari (ku yi haƙuri, ba na kama sunanta) tana zaune a unguwar Cheras da mijinta, Malam Nasiru, mai koyarwa a wata jami'a, da ɗansu Sadik. Likita ya ce kada in hau jirgi sai idon ya warware, sai na tsinci kaina dattijon 'yan Najeriya na aro. Suna ne, walima ce, sai a ce, "Baba zai yi mana nasiha." Karatuna bai wuce firamare da 'yan izu ba, amma a garin da babu tsofaffinmu furfura ta fi digiri tsada. Nasihata kuwa guda ce kullum: yara su rabu da kaɗe-kaɗen Turawa.

Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne, a ƙuruciyata shagon gyaran rediyo da sayar da faifai gare ni a Sabon Garin Kano. Na tara gashi kamar kwando, na sa wando mai faɗin ƙafa yana sharar titi. Waƙoƙin rock kuwa na haddace su tas, ba tare da na san abin da suke cewa ba. Daga baya na aske, na tuba, na ɗauka magana ta mutu.

Rannan muna shan shayi a kedai ɗin mamak, wato shagon mai shayi, da ke ƙasan gidan, Sadik ya turo min wayarsa.

"Tsoho, kalli sa'anninka. Su ba su zauna suna faɗa da yara ba lah." (Wannan "lah" ɗin a bakin 'yan garin ya ɗauko ta.)

Tsofaffi huɗu ne a hoton. Sunan ƙungiyarsu ya fi ƙarfin bakina, ni dai Ragowar Yaƙi nake ce musu. Sadik ya shiga ba ni tarihi. Wai kowannensu daga wata babbar ƙungiya ya fito. Mawaƙin, tasu ta watse ne a kan rigimar sunan wa za a fara rubutawa a bangon faifai. Mai ganga, abokansa duk sun riga mu gidan gaskiya. Mai jita, wani dogo, ya yi fushi da duniya ya koma ƙauye kiwon tumaki, sai da sauran suka bi shi har garke suka lallaso shi. Na huɗun kuma kowace ƙungiya ya shiga sai an kore shi. Suka haɗu kamar a ɗebo gwanin kowane kulob a yi tim guda. Sun zaga Turai, sun bi ta Japan da Indonesiya, yanzu za su rufe a nan, kuma sun rantse daga wannan yawon sun ajiye.

Na ce, "Shirme." (Alhali Dogon nan, faifan ƙungiyarsa ta farko sai da na goge shi da saurare.)

Asabar aka yi suna a unguwar Danau Kota. Bayan an ci an sha, na hango Sadik yana nuna wa abokansa wani kati mai igiya, irin wanda ake ratayawa a wuya. Tikitin sahun gaba ne na wasan tsofaffin nan. Duk hutun ƙarshen zango wanke-wanke ya yi a wani gidan abinci kafin ya same shi. Ina tsakiyar nasiha, baki ya yi daɗi, sai na miƙa hannu.

"Kawo nan."

"Haba Tsoho, wasa kake yi."

"Na yi kama da mai wasa?"

Uban ya harare shi, ya miƙo. Na ɗaga katin sama na ce yau zan jefa shi a shara. Matan da ke ciki suna ta "Allah ya saka, Baba." Sadik kuwa, kunnuwansa kawai na ga sun motsa.

Ban jefar ba. Na ce wa kaina bari in ajiye, kada wani yaron ya tsinta ya lalace. Ranar wasan na ce bari in je in ga irin ɓarnar da idona, don nasihata ta yi ƙarfi. (Shaiɗan, in zai kama dattijo, da hujja yake zuwa.) Na saka babbar rigata fara da hula, na ce wa 'yar tawa zan je karatu masallacin Kampung Baru bayan la'asar. Har ta ce in yi musu tapau ɗin nasi lemak, wato in ƙunso musu shinkafar kwakwa, in zan dawo.

Zauren ya cika maƙil, kowa da baƙar riga, ni kaɗai fari sol kamar balbela cikin hankaki. Katin ya kai ni har gindin dandamali. Na harɗe hannu, na ɗaure fuska irin ta mai bincike. Waƙa ta farko na daure. Ta biyu ƙafata ce kawai ta ci amanata. Sai Dogo ya matso gaba, ya taɓa jitar nan, ya ɗauko tsohuwar waƙar da nake buɗe shago da ita kowace safiya.

Jama'a, ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Baiti bayan baiti nake bi, da Turancina na Sabon Gari, hannun riga yana tashi. Mai kyamara ya gano ni, sai ga fuskata a ƙaton allo, hula da furfura da komai. Zauren ya ɗauki ihu. Mawaƙin ya nuno ni ya faɗi wata magana, Dogo kuma ya taho har bakin dandamali, ya durƙusa da gwiwa ɗaya, ya fuskance ni, yana kaɗawa da idonsa a rufe.

To, ku faɗa min. A garinmu, makaɗi ya bar taro duka ya durƙusa a gabanka yana kaɗa maka, me ɗan halak zai yi? Tsayawa zai yi ƙiƙam kamar marowaci, a ce daga Kano ya zo? Hannuna ya riga tunanina shiga aljihu. Na taka wani akwatin lasifika, na haye (ni da nake sallah a kujera saboda gwiwa), na zaro takardar ringgit, kuɗin ƙasar, na manna masa a goshi. Gumi ya riƙe ta da kyau. Na ƙara wata. Ta uku ta sauko ta rufe masa ido.

Bawan Allah ya buɗe ido bai ga komai ba sai takarda. Ya zabura, jitar ta yi wani kuka kamar an taka akuya. Ƙarti biyu masu tsaro suka taho da gudu, ɗaya yana cewa, "Atuk, tak boleh! Tak boleh!" wato Kaka, ba a yi. Suka ɗauke ni cak. Babbar rigata ta kwaso wata waya, ta fizge ta daga mazauninta. Ɗif, kiɗa ya ɗauke. A cikin shirun nan, kusa da abin maganar mawaƙin, muryata ta fita tar a kowace lasifika:

"Ku sake ni, ban gama liƙin ba!"

Daga baya an ce Dogo ya yi dariya har da hawaye, ya soke takardar a jikin jitarsa ya ƙarasa wasan da ita. Ni ban gani ba. Ina waje a lokacin, ana nuna min hanyar tashar jirgin ƙasa.

Na biya na sayi nasi lemak don ƙaryata ta tsaya da ƙafarta. Ina buɗe ƙofa na tarar da su a falo, waya a tsakiya, muryata tana fitowa daga ciki. Malam Nasiru, surukina, ya miƙe ya ce, "Sannu da zuwa, Baba," ya shige ɗaki da sauri. Ina jin yadda yake toshe bakinsa da matashi. A gaban suruki fa!

Sadik ya ce, "Tsoho, ya karatu? Wane babi aka yi yau?"

Na ce, "Tashi ka ba ni wuri."

"Igiyar katina ce a wuyanka."

Na shafa, ga ta kuwa.

Na juya ga uwarsa ko za ta tsawata masa. Sai ta ce, "Baba, ka san inda ya samo son waƙar nan? Ni nake yi masa ita yana goye. A shagonka na koya, kana ɗora ni kan benci kana kaɗa min da sukudireba."

Nan dariyar ta ƙare min. Tsofaffin nan sun cika alkawari, daga wasan suka watse, kowa ya koma gida, Dogo ya koma wa tumakinsa. Sadik bai gan su ba, kuma ba zai gan su ba. Na ba shi haƙuri, na ce ya faɗi abin da zan biya shi. Ya ce abu ɗaya: in zauna in ba shi labarin wasan daga farko, kuma in rera kowace waƙa. Na rera, a falon surukina, yana gyara min Turanci.

Nasiha kuwa ba a sake gayyatata ba. A sunan da ya biyo baya, ina shiga wata mata ta ce, "A ɓoye ganguna, Baba ya iso."

Don haka ina roƙonku, tsofaffi 'yan'uwana, kada ku yi irin tawa. Abin da kuka sha a ƙuruciya kuka ƙoshi, kada ku fizge shi daga bakin yaro a gaban mutane. In kuwa kun fizge, to ku jefar da gaske. In kuma kun kasa kun tafi, don Allah ku bar babbar riga a gida, hannu kuma ya zauna a aljihu.