Rigar Haraji

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da kuwa ina so in manta (kuma wallahi ina so), da wata Juma'a da na fito gida ina mai kamfani, kafin liman ya hau mumbari na koma wanda ba shi da bakin magana.

Sana'ata niƙa tsofaffin robobi. Ina da ɗan wuri a Sharaɗa, cikin wani tsohon sito da muka yayyanka muka raba, inda nake sayen fasassun bokitai da jarkoki, in niƙa, in ɗura a buhu, in kai wa manyan kamfanonin da ke narkar da su. Inji biyu gare ni, ɗaya yana aiki, ɗayan sai ya ga dama. Mai kula da su Bitrus ne, mutumin Filato, ya girme ni nesa ba kusa ba, kuma duk abin da na yi sai dai ya kalle ni ya girgiza kai. Allon da na kafa a ƙofa kuwa, in ka karanta shi sai ka ɗauka jirgin sama muke ƙerawa a ciki.

A layinmu ba biyan haraji ne ya fi ɗaga mana hankali ba, takardunsa ne. Duk shekara sai ka kwashi tuli, ka biya wani ya cike maka, ka kai a ce saura hatimi, ka kawo hatimi a ce ai ba wannan ba. In takardunka ba su cika ba, sai ma'aikata su zo su ƙiyasta ka da ido. To, tunda ido ne alƙali, kowa a layin ya tanadi abin da muke kira rigar haraji. Tawa wani tsohon yadi ne ruwan ƙasa, baƙin mai ya yi masa ado, aljihun gaba yana reto, tana rataye a bayan ƙofa. Da an ce ga su nan, sai in cire ta jikina in zura ta, in langaɓe kai. Mun dai ji a rediyo wai an yi sabuwar doka da ta rage wa ƙananan kamfanoni wahalar takardu, amma ba wanda ya ɗauka da muhimmanci. Muka ce yaushe kura ta fara rabon nama.

A lokacin ina neman auren Rukayya, 'yar Zawaciki. Ina son yarinyar nan, so na gaskiya, irin wanda ke sa ƙaton namiji ya tsaya gyaran hula a madubin mota. Magana ta yi nisa, abu ɗaya ya rage, wato binciken Baffanta, yayan mahaifinta da ke zaune a Haɗeja. In ya ce a ba ni an ba ni, in ya ce a'a ba mai ɗaga murya. Ni kuwa ban taɓa ganinsa ba. Ranar Laraba ta kira ni tana raɗa, ta ce, "Baffa zai zo wajen aikinka jibi, ba zai faɗi ko shi waye ba. Don Allah kada ka yi komai, ka zauna yadda kake."

Na ce mata to. Daga nan na yi komai.

Na ari buhunan maƙwabcina na jera su har rufi. Na ari ma'aikatansa, na raba musu safar hannu. Na sa Bitrus ya lallaɓa injin nan mai taurin kai har ya yarda zai yi ƙara, ko da ba zai niƙa ba. Na sayi man janareto, na shimfiɗa darduma a ofis, na sha shadda mai sitati wadda in na motsa sai ta amsa. Bitrus ya dube ni ya ce, "Oga, gwamna ne zai zo?" Na ce wanda ya fi gwamna.

Da hantsi sai ga wata mota mai sheƙi ta tsaya. Wani dattijo ya fito cikin babbar riga fara ƙal, gemu a gyare, turare yana riga shi isowa. (Abin da na manta shi ne, ranar Juma'a duk ma'aikacin gwamnati yakan koma kamar uban amarya.) Ya yi sallama, ya fara cewa, "Sunana Alhaji wane, na zo ne daga..."

Na durƙusa na tare shi. "Baba, ba sai kun faɗa ba. Nan gidanku ne."

Ya yi murmushi ya ce, "Ashe labari ya riga mu isowa."

Na ce, "Ai labarin alheri ba ya ɓuya."

Na zaga da shi, bakina ya ɓalle kamar famfon da ya lalace. Na ce wannan da yake gani ƙaramin reshe ne, babban yana Chalawa. Na ce muna shirin buɗe wani a Bompai. Na ce tireloli ke ɗaukar kayanmu zuwa Nijar, har mukan mayar da masu saye saboda yawa. Ma'aikatan aro suna ta kai da komo da buhu ɗaya, su fita da shi ta gaba su shigo da shi ta baya. Dattijo yana gyaɗa kai yana taɓa wayarsa, ni kuwa ina cewa a raina rubuta, Baba, rubuta, a karanta a Haɗeja. Da ya gama ya ce, "Madalla. Lallai kai ba irin waɗanda muka saba gani ba ne. Bari in leƙa maƙwabtanka, zan dawo." Na ce a raina bincike ke nan, zai tambayi halina. Na raka shi har ƙofa ina jin kamar a ɗaura auren a nan take.

Ban gama shan ruwa ba Bitrus ya shigo da sauri. "Oga, mai abincin bakin layi ta aiko. Masu haraji suna cikin layi tun ɗazu."

Ban san ina da irin wannan zafin nama ba. Na kashe janareto. Na kora ma'aikatan aro ta baya. Muka ja tamfol muka rufe buhuna da inji ɗaya. Na naɗe darduma, na tuɓe shadda na cusa a durowa, na zura rigar haraji, na shafa ɗan baƙin mai a kumatu don ƙarin bayani. Ina gamawa wani tsoho ya sauka daga adaidaita sahu. Siriri, sanye da tsohuwar safari, tabarau a kan hanci, biro a aljihu, jakar fata a hammata. Ko a mafarki na ga wannan siffa na san haraji ce.

Ya yi sallama ya ce, "Ni baƙo ne, wucewa nake, na ce bari in ga sana'a."

Na ce a raina, haka kuke cewa dama. A fili kuwa na karyar da murya. "Ranka ya daɗe, wace sana'a? Ai gawa ce ba a binne ba."

Ya zauna a kan benci ya ce in ba shi labari. Na ba shi. Na ce inji ɗaya ya mutu, ɗayan yana jinya. Na ce rabona da abincin rana tun kafin azumi. Na nuna Bitrus na ce wannan bawan Allah don tausayi kawai yake zuwa. (Bitrus ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa, na ɗauka taya ni kuka yake.) Tsoho ya leƙo ta saman tabarau ya ce, "Waccan motar da ke waje fa?"

"Ta aro ce, ranka ya daɗe." Motata ce, da guminta na saya, amma baki ya riga ya saba.

"Kana da iyali?"

Nan ne shaiɗan ya karɓi sitiyari. Na yi wata 'yar dariyar takaici na ce, "Iyali? Ni da ban riƙe kaina ba? Akwai dai wata da nake zuwa wajenta a Zawaciki, amma duk iska nake hura mata. In aka kawo ta, sai dai mu ci robar nan tare. Har wani tsoho suka ce zai zo bincike daga ƙauye, yanzu na gama cika shi da labari ya tafi."

Tsoho ya cire tabarau ya goge a hankali. Ya ce, "Allah Sarki."

Daidai nan aka yi sallama. Dattijo mai babbar riga ne ya dawo, riƙe da wata 'yar takarda mai launi. Ya dube ni, ya dubi tamfol, ya dubi inda darduma take ɗazu. Ya ce, "Ina mai kamfanin?"

Bitrus ya ce, "Shi ne wannan, Alhaji."

Dattijo ya matso ya ƙare min kallo. "Ikon Allah. Gobara aka yi bayan fitata?"

Na yi ƙoƙarin jan shi gefe ina raɗa, "Baba, ku yi haƙuri, mai haraji ne wancan, bari in sallame shi."

Ya ce, "Wane mai haraji? Ni ne mai haraji. Daga ofis muka fito muna zagayawa, muna yi wa ƙananan kamfanoni bayanin sabuwar doka, an rage musu takardu, wasu ma an ɗauke musu. Na ga kai ka wuce nan, mai reshe a Chalawa da tireloli a hanyar Nijar, shi ya sa na dawo in gaya maka ofishin da manya ke zuwa."

Na juya a hankali wajen benci. Tsoho ya mayar da tabaransa, ya gyara jaka a cinya, ya ce, "Ni ne tsohon da aka ce zai zo daga ƙauye."

Jama'a, na sha jin ana cewa mutum ya so ƙasa ta tsage ya shige. Ni ban tsaya jiran ƙasa ba, injin niƙa na kalla. Gumi ya taso ya haɗu da baƙin man kumatuna ya gangaro. Bitrus ya fita waje, ina jiyo shi yana tari irin na wanda dariya ta shaƙe.

Mai haraji ya ja kujera ya zauna kusa da Baffa, suka gaisa, suka tambayi juna iyali, kamar ba ni a wajen. Sannan ya ce, "To, malam, ni ka ce min kai babba ne, shi ka ce masa kai gawa ne. Sai ka zaɓi ɗaya mu rubuta." Na duba, in na ce babba ne na gayyato wa kaina tulin takardu har da ƙari, in na ce gawa ne na rasa Rukayya. Garin neman ƙiba na samo rama ta gaba da ta baya. Ƙarya ta ƙare min, sai na koma ga abin da ban taɓa gwadawa ba a ofishin nan. Na yaye tamfol da hannuna. Na ce waɗannan buhunan na maƙwabcina ne, waɗancan 'yan kaɗan su ne nawa. Inji biyu, ɗaya lafiyayye. Ba reshe ko'ina. Mota tawa ce. Ina cin abincin rana, har da nama wani lokaci. Na ce, "Rukayya kuwa, Baffa, wallahi ba iska nake hura mata ba. Duk abin da na faɗa yau, wannan ce ta fi ƙona min rai."

Mai haraji ya miƙo min takardar hannunsa ya ce, "In haka kake, kai aka yi wa dokar. Da ka bar ni na gama sallama, da tuni mun rabu." Baffa kuwa ya miƙe, ya nuna ƙirjina da biro ya ce, "Cire." Na cire. Ya ninke rigar haraji da kyau, ya sa a jakarsa, ya fita ya tari adaidaita, ya bar ni tsaye da singileti.

Kwanakin da suka biyo baya ban ji daɗinsu ba. Rukayya ta daina ɗaga wayata. Da ta ɗaga, cewa ta yi, "Na ce ka zauna yadda kake. Yadda kake ɗin ne ba ka so, ko ni ce ka ɗauka ba zan so ba?" Na ji tsoro sosai, don na san in na rasa ta ba wanda ya raba mu sai bakina. Na kwashi ƙafa har Haɗeja, cikin kayan da nake sawa kullum, na durƙusa gaban Baffa. Ya bar ni a durƙushe har shayinsa ya huce, sannan ya ce, "Mutum uku na tarar a Sharaɗa, ɗaya a bakin mai haraji, biyu da idona. Biyu ba zan ba su ko akuya ba. Na ukun, mai singileti, shi za a ba."

Ranar ɗaurin aure, ana shirin fara siga, Baffa ya ɗaga murya a cikin masallaci ya ce a tabbatar masa wanne ne ya zo cikin ukun. Mutanen layinmu suka sunkuyar da kai suna ƙyaƙyatawa, don Bitrus bai bar kowa a duhu ba.

Yanzu takarduna na shekara ba sa cin mini yini guda, kuma da kaina nake kai su, sanye da abin da na tashi da shi. Allon ƙofa ma na sa an rage masa girma. Rigar kuwa ba ta ɓata ba. A cikin kayan amarya aka kawo ta, an wanke an goge, har an ɗinke aljihun. Rukayya ta rataye ta a bayan ƙofar ɗakinmu. Duk ranar da ta ce cefane ya ƙare na fara langaɓe kai ina "wallahi kasuwa ta mutu", ba ta musu da ni. Tashi take ta ɗauko ta, ta miƙo min da hannu biyu ta ce, "Sa rigarka tukuna, sai ka ci gaba."

Abin da na koya dai shi ne, in za ka ajiye riga biyu don mutum biyu, to ka bar baƙo ya gama sallama kafin ka zaɓi wadda za ka sa. In kuwa kana da sauran hankali, ka tsaya a guda ɗaya, ta fi sauƙin wanki.