Ƙwaya Arba'in a Ɗakin Nomau

A wani daji da ke bayan tsaunuka, Dije hawainiya tana shanya ganyen miya da hantsi sai Kurciya, masinjar jami'ar dabbobi, ta sauka a ƙofarta.

"Dije, sai haƙuri. Allah ya yi wa Malam Nomau rasuwa. An tarar da shi kwance a bakin ɗakin aikinsa."

Dije ta yi salati. Sannan ta ce, "Ya rufe ƙofar?"

"A rufe take."

"To, Alhamdu lillahi."

Nomau mijinta ne, shi ma hawainiya. Shekara goma sha huɗu ya yi a Cibiyar Binciken Ƙananan Abubuwa, wani ɗaki da jami'a ta haƙa a ƙarƙashin ƙasa. Aikinsa shi ne jera wasu ƙwayoyi da suka fi ƙura ƙanƙanta nesa ba kusa ba, ba a ganinsu sai ta wani madubi. Masana sun ce in arba'in suka tsaya a layi ɗaya, kafin a ƙifta ido za su gama lissafin da Mujiya, gwanar lissafin jami'ar, ke shekara tana yi. Amma ƙwayoyin ba sa son motsi. Tari yana watsa su, takun ƙafa yana watsa su, ko ido aka tsura musu sai su sauya wuri. Shi ya sa aka ɗauki Nomau. Tafiyarsa ba ta girgiza ƙasa, kuma ya iya kallon abu da gefen ido.

An ja farin layi taku ashirin daga ƙofar. Nan Dije take ajiye akushin abincinsa kullum, ta juya ba tare da ta kira shi ba.

Toron Giwa, shugaban jami'ar, yana ƙaunar Cibiyar ƙwarai. Duk wata yakan zo duba ci gaba, ya tsaya a kan rufin ɗakin ya yi jawabi. Kafin ya kai ƙarshe, aikin wata guda ya watse. Sai a rubuta cewa ba a samu ci gaba ba, a ƙara yawan ziyara.

A daminar ƙarshe Toron Giwa ya tafi taro wani daji, ruwa ya cinye hanya, ya yi wata uku bai dawo ba. Wata rana Nomau ya fito ya kama hannun Dije ya tsallakar da ita layin.

"Kar ki kalle su kai tsaye. Kalli bango, ki bar gefen idonki ya yi aikin."

Ta gan su, arba'in cif, a tsaye kamar masu sahun salla.

"Wa ka nuna wa?"

"Ke kaɗai. In na huta zan rubuta musu."

Bai kai ga rubutawa ba.

Bayan sadakar bakwai ta ji majalisar jami'a ta yanke shawarar karrama shi. Za a sa wa ɗakin sunansa, a yi biki a kan rufin da ganguna da 'yan rawa. Dije ta fita da sassafe, ta isa zauren majalisa bayan la'asar, ta durƙusa a gaban Toron Giwa.

"Ranka ya daɗe," in ji ta, "ni ban yi karatu ba, ban san sunan abubuwan nan ba. Amma na gan su da idona, arba'in ne, suna tsaye. Shi ke nan abin da ya bari. Bai bar gona ba, Allah bai ba mu haihuwa ba. Ba na roƙon a ba ni komai. Roƙona kada ku je. Ku aiki wani mara nauyi ya duba ya rubuta. Ku yi bikinku a nan."

Aku, kakakin jami'a, ya gyara murya. "Baiwar Allah, muna taya ki juyayi. Amma mara nauyi ba shi da matsayin da za a karɓi shaidarsa. Kuma an riga an gayyaci baƙi. Za mu ce musu mun karrama mamaci a inda bai taɓa aiki ba?"

Toron Giwa ya ɗaga hanci, zauren ya yi tsit. Idonsa ya ciko da hawaye na gaskiya.

"Nomau ɗana ne. Babu wanda ya kai ni yawan ziyartarsa. Maganar wannan baiwar Allah babba ce, ba za mu yi wasa da ita ba. Na naɗa kwamitin manyan malamai, Ɓauna da Dorina da Karkanda. Gobe su je su tabbatar ko akwai abin da take faɗa, kuma ko taku yana yi masa illa. Su yi aikin da gaggawa."

"Ranka ya daɗe, ko za su tsaya a farin layi?"

"Layin na baƙi ne, Dije. Waɗannan 'yan gida ne."

Washegari tana tsaye a layin suka wuce ta da sassarfa, don an ce da gaggawa. Ta ji ƙasa tana rawa har cikin haƙoranta. Ƙofar ta yi musu kaɗan, suka ɗan faɗaɗa ta. Ɗaya bayan ɗaya suka tsura ido a madubin.

Rahotonsu gajere ne. Ba a ga komai ba, saboda haka babu abin da biki zai ɓata. Majalisa ta yaba da ƙwazonsu. An yi biki, an kafa allo mai sunan Nomau, an rubuta a ƙasansa cewa ya rasu yana gab da nasara. Aka ba Dije kujera a sahun gaba, kusa da babbar ganga.

Yanzu ba kowa a ɗakin, ana neman wanda ya cancanta. Ruwa ya wanke farin layin, amma Dije ta san inda yake. Kullum da hantsi takan je ta tsaya a wurin, hannu ba akushi, ta danne tari in ya taso mata, ta juya a hankali.

A duk dajin ita kaɗai ke kiyaye takunta a wurin, ita da nauyinta bai kai na ganye biyu ba.