Rasuwar Littafin Yakiyu na Gidan Singeru

Singeru Ngiraidong na ƙauyen Ngiwal, tsohon mai jifan ƙwallo na ƙungiyar ƙauyen, yana sanar da jama'a, zuciyarsa cike fal da baƙin ciki, cewa littafin yakiyu na gidansa, wato littafin wasan ƙwallon kulki, ya riga mu gidan gaskiya. Rai ya yi halinsa ranar Talata da hantsi, a kan ragar bandar kifi da ke bayan ɗakin girki. Shekararsa hamsin da biyu a gidan.

Marigayin baƙo ne. Daga Amurka ya zo a jakar wani malamin makaranta, Singeru ya karɓe shi da ƙaguwa uku da kifi guda mai tsawon hannu. Koren bango gare shi, da shafi ɗari biyu da wani abu, da hotunan manyan 'yan ƙwallon kulki na can, wasu sun ɗaga ƙafa za su yi jifa, wasu suna zamiya a ƙasa. Turanci kaɗai yake ji. Singeru kuwa aji uku ya yi, ya bar makaranta ya bi kwalekwalen kawunsa. Bai taɓa jin kunyar wannan ba, ba kuma yau zai fara ba. Hotunan nasa ne. Rubutun na matarsa ne, marigayiya Sariang, wadda ta yi aji takwas. Da yamma in ta dawo daga fadamar gwaza ta wanke ƙafa, sai ta zauna a bakin ƙofa, ta buɗe shi a cinya, ta karanta a zuci, sannan ta faɗa masa da harshen gida.

Marigayin ba mai hayaniya ba ne. In an buɗe shi ya ce ƙiii, a hankali, kamar ƙofar coci. In ana juya shafi ya ce fas, fas. In Sariang ta gaji ta rufe shi ya ce tib, daga nan ba wanda ke ƙara magana. Iyakar abin da aka taɓa ji daga bakinsa ke nan.

Mai raba gardama ne. Shekarar da ƙwallo ta faɗa ramin ƙaguwa a filin wasa, bayan zango na biyu, aka kusa ba hammata iska da 'yan wasan ƙauyen Melekeok, shi aka aika aka ɗauko. Sariang ta buɗe shi a tsakiyar fili ta ce mai gudu ya tsaya a zango na biyu, kowa ya ajiye kulkinsa. Kowa ya ajiye.

Malami ne kuma. Shi ya koya wa Singeru inda ake ɗora yatsu a kan ɗinkin ƙwallo. Shi ya hana shi ɗaga murya a gida in gobe akwai wasa, domin tsawa tana kashe hannu. A shafin da ke da hoton wani bahago mai dogon wuya, Sariang ta karanta masa cewa manyan masu jifa na Amurka su ke ɗauko wa matansu kwandon gwaza daga fadama har gida, da haka kafaɗa ke ƙarfi. A Ngiwal namiji na teku ne, fadama ta mata ce. Singeru ya ɗauki kwandon duk da haka. Kodep, wanda ya yi shekara goma sha tara yana cafe masa ƙwallo, yakan tsaya a bakin hanya ya ce, "Sannu da aiki, uwar gida. Yau me za a dafa mana?" Singeru yakan ce, "Gobe ka tambayi tafin hannunka." Ya ɗauki kwandon shekara talatin da ɗaya, har bayan ya daina jifa. Kafaɗarsa ba ta taɓa ba shi kunya ba. Wanda ke da ja ya zo ya taɓa.

Ciwon ajali ya faro ne shekara shida da suka wuce, ranar da aka kai Sariang makwancinta. Tun daga ranar marigayin bai ƙara faɗin komai ba. Singeru yakan buɗe shi da yamma ya dubi hotuna, ya dubi ƙananan rubutun fensir da ta cika gefen shafuka da su. Kowane wasa da ya yi jifa ta rubuta shi a can, da ranarsa, da abin da ta gani. Da Turanci ta yi su, shi ya sa bai san abin da ta gani ba. Daga baya gara ta ci gindin bango. A watan jiya guguwa ta turo teku har cikin ɗaki, ruwan gishiri ya kwana biyu a akwatin da yake ciki.

Singeru bai kira kowa ba. Ya san abin da ake yi wa jiƙaƙƙen abu don kada ya ruɓe. Ya hura wutar ɓawon kwakwa, ya ɗora marigayin a kan raga kamar kifi, yana juya shi safe da yamma har kwana uku. Ranar Talata ya sauke shi. Shafukan sun manne sun zama dunƙule ɗaya, baƙi, mai tauri kamar tubali. Ya gwada buɗewa, bai ce ƙiii ba. Laifin Singeru ne. Ya faɗa sau ɗaya a nan, kada wani ya zo ta'aziyya ya maimaita masa.

Marigayin ya rasu ya bar Singeru. Ya bar safar hannu ta fata guda mai yagaggen babban yatsa, da kulki mai tsaga, da rediyon da ba ta kama komai sai in an riƙe mata kunne. Ya bar Kodep, wanda yanzu ido ɗaya ke gare shi, bakinsa kuwa bai ragu ba. Ya bar kwandon. Ya bar Dilmei, 'yar Singeru da Sariang, ma'aikaciyar jinya a birnin Koror, wadda a kan hotunansa ta koyi ƙirga yatsu.

Akwai wanda ke cewa shi ɗan'uwan marigayi ne. Ba a yarda da shi ba, kuma ga dalili. Tun da Dilmei ta ji ruwa ya shiga akwati ta nemo irinsa ta waya, aka aiko mata. Jiya ta zo da shi, sabo dal, koren bango, hotuna iri ɗaya. Ochob, yayar Sariang, tana zaune tana fere gwaza. Singeru ya nemo bahagon mai dogon wuya ya ɗora yatsa.

"Karanta min nan."

Dilmei ta karanta, ta faɗa masa. Garin da aka haifi mutumin, da yawan waɗanda ya fitar daga wasa da jifansa, da ciwon gwiwar hannun da ya tsayar da shi.

"Ci gaba. Wajen kwando."

Ta juya shafi, ta dawo, ta bi layi da yatsa. "Baba, babu kwando a nan."

"Duba da kyau."

"Babu gwaza ma. Ko matarsa ba a ambata ba."

Ochob ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "Gwaza a Amurka. Kai Singeru, duk matan fadama sun sani tun ina da haƙora. Kai kaɗai aka bari da dakonka."

"Yaya, fere gwazanki."

"Ina ferewa. Ai ba a ce ba ka kyauta ba. Bayan Sariang ne ke ciwo tun haihuwar yarinyar nan, ta san in ta roƙe ka girman kai ba zai bar ka ba."

Singeru ya rufe sabon littafin. Ko sautin rufewarsa ba ɗaya ba ne. Ya ce wannan ba shi ba ne, kama ce kawai, kuma kama da wane ba ta wane. A mayar da shi inda ya fito.

Dilmei ta ce akwai wata mata a Koror da ke raba takardun da suka manne, da tururi da siririyar wuƙa. Wataƙila a ceto rabi. Ta ce, "Ba don kwandon ba, Baba. Rubutun Mama nake so. Ruwa ya cinye wasiƙunta duka. Ba ni da ko layi ɗaya na hannunta." Singeru ya san gaskiya ta faɗa. Ya san kuma in an buɗe don fensir, ido zai faɗa kan shafin bahagon. 

Ga yadda za a yi jana'iza. Mamaci gidan uwarsa yake komawa, haka aka gada. Ran da Singeru ya mutu, dangin uwarsa za su zo daga Ngaraard su tafi da shi, ba zai kwanta kusa da Sariang ba, bai kuma taɓa roƙon a karya masa al'ada ba. Marigayin kuwa ba shi da uwa sai ita. Ochob ta yarda a haƙa masa wuri a wajen ƙafafun Sariang, cikin duwatsun makabartar gidansu. Za a yi ranar Asabar da safe, kafin ruwa ya janye masunta su fita. Mata za su naɗe shi a tabarma. Za a sa shi a kwandon, Singeru zai ɗauka a kafaɗar dama, ta hanyar fadama za a bi. Kodep zai bi baya, an gargaɗe shi. Mai zuwa ya zo da kifi ko gwaza. Ba a son furanni, ba a son jawabi, ba a son wani littafi.

Yau da safe, ana cikin rubuta wannan sanarwa, Dilmei ta tsaya a bakin ƙofa, daidai inda uwarta ke zama. Ta ce motar Koror za ta tashi da tsakar rana, ita za ta dawo da marigayin ranar Juma'a, ko shafi ɗaya ne a bar ta ta gwada.

Singeru ya ɗora hannu a kan tabarmar da za a naɗe shi a ciki.

"Ba za a buɗe shi ba."