Yadda Za Ka Tayar da Kwamfutar Surukinka Wadda Ta Girme Ka

Ɗan'uwa, in ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na yi maka alkawarin abu biyu: tsohuwar kwamfutar za ta tashi, kuma za a ci gaba da shimfiɗa maka darduma a gidan su yarinyar. Ni Falalou, mai gyaran waya a unguwar Mahdiya, a kaina na gwada su.

1. Ka bari a kira ka muhandis

Ranar da na je unguwar Gurda gaishe da Alhaji Barka, tsohon direban hamada kuma mahaifin Hindatou da nake nema da aure, ya tambaye ni sana'ata. Na ce ina ɗan taɓa na'urori. Ya ce, "Ashe muhandis ne!" Wato injiniya. In ka ji haka, kada ka gyara masa. Ka sunkuyar da kai ka kurɓi shayinka. Ni dai canza gilashin waya na iya, amma ba wanda ya tambaye ni wannan.

Sai ya shiga ɗaki ya rungumo wata kwamfuta mai launin tsohon haƙori, wadda kamfanin da ya yi wa tuƙi ya ba shi a 1997.

"Hoton wadda na fara so yana cikin nan. Ka fito mini da ita, ɗana."

Hajiya Saratou, matarsa ta shekara talatin, ta ajiye butar shayi a hankali. "Ni ma ina son in gan ta," ta ce. "Mako biyu ya ishe ka?"

Ka ce ya isa. Ba amsa ta biyu.

2. Ka sallami 'yan haya

Ka kai ta shago ka kwance murfin. Ni na tarar da rairayi cike da kwanon sha, da ƙwallon dabino huɗu, da tsaka ɗaya da ta dube ni kamar ni ne baƙon. Kada ka hura da baki. Kwana biyu na yi ina tauna ƙasa.

Ka kunna. Za ta yi tari, ta rubuta cewa ba ta ga tsarin da zai tafiyar da ita ba. Sabo za ka gina mata.

3. Ka dafa a wani gida, ka kawo mata

A tsakiyar kowane tsari, irin su Linuks, akwai abin da ake kira kanel. Shi ne mai unguwa: shi ya san faifai, ya san allo, ya san wanda zai yi magana da wanda zai yi shiru. Ka haddace kalmar, ka riƙa jefa ta ko'ina, har wajen mai burodi.

Tsohuwar ba za ta iya dafa wa kanta kanel ba. In ka ɗora mata aikin, sai ka yi furfura kana jira. A laftof ɗinka za ka dafa, amma daidai bakinta. Ka gaya wa laftof ƙarara cewa abincin na tsohuwa ne, 'yar zamanin da, marar haƙori. Karon farko ni na manta, na kai mata ƙashi.

4. Ka koyi cewa a'a

Kafin girki, za a yi maka tambayoyi dubbai: kana son kaza? Ni ɗan Damagaram ne, an yi mini tarbiyya, sai na amsa i ga duka. Kanel ya fito ƙato, alhali cikin faifan filofi zai shiga, wannan ɗan murabba'in da ko hoto ɗaya na wayar yau ba zai ɗauka ba.

Don haka ka ɗaure fuska. Wayifai? A'a. Bulutut? A'a. Kyamara? A'a. Duk abin da ba ka gane ba, a'a. Daɗin a'a zai ɗebe ka. Ka riƙe wannan a ranka.

5. Ka ci ribar jira

Girki ya kankama, rubutu zai riƙa gudu a baƙin allo. Ka harɗe hannu, ka riƙa cewa "hmm" lokaci-lokaci. Yousef, mai ginin shagonmu, sai da ya kira maƙwabta su zo su gani. Daf da gamawa aka ɗauke wuta, ga batirin laftof ɗina ya mutu tun bara. Na ce musu da gangan na tsayar, kanel yana son hutu.

6. In ta firgita, kada ka riga ta

Ranar da wa'adi ya cika na kai ta Gurda. Gida ya taru. Na zura faifai, ta yi gurnani, rubutu ya gudu, ya tsaya cik. Masana suna ce wa wannan firgitar kanel. Nawa firgicin ya fi nasa.

Hindatou ta leƙo ta bayan kafaɗata. "Cewa take ba ta ga faifan cikinta ba. Shi ma a'a ka ce masa, ko?"

"Ke ya aka yi kika sani?"

"Shekarata uku ina karatun kwamfuta a jami'a. Na gaya maka, kana kallon takalminka." Ta rage murya. "Da faifan ka ciro kawai ka jona da laftof, minti goma an gama."

"Me ya hana ki faɗa tun farko?"

"Wa ya isa ya koya wa muhandis?"

Ka miƙa mata laftof. Ka tsaya bayanta kana gyaɗa kai kamar kai ka sa ta. Layi ɗaya ta gyara, ta sake girki kafin la'asar.

7. Ka zauna kusa da ƙofa

Hoton ya fara sauka daga sama, layi-layi. Hajiya ta sa tabarau. Sararin sama ya fito. Tudun rairayi ya fito. Sai katifu, sai jarkoki a rataye, sai tayoyi goma.

Babbar mota ce, shaƙe da kaya, a kan hanyar Agadez.

Alhaji ya shafa allon da hannu, hawaye na bin gemunsa. "Shekara tara, ba ta taɓa bari na a hanya ba."

Hajiya ta cire tabarau. "Ni shekara talatin ban bar ka ba. Ina nawa hoton?"

Alhaji ya juyo wajena da sauri. "Muhandis, akwai firintar kwamfutar ma a ƙarƙashin gado."

Gargaɗi

Marubucin nan ba shi da alhakin duk abin da ya biyo baya: hayaƙi, ƙaurin waya, ko shirun da ka iya sauka a gidan surukai na kwana tara. In taka kwamfutar ta fito da hoton mutum ba na mota ba, ban san ka ba, ba mu taɓa haɗuwa ba. Ni kaina an sa mini ranar aure: ranar da firintar ta buga hoton motar. Hindatou ta ce jarrabawa take, hannunta ba ya ciki. Duk wanda ya san inda ake sayar da tawadar firintar 1997, daga nan har Agadez, ya taimaki ɗan'uwansa musulmi.